Adakar Aro da Takardar "Sai Wanne?"

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Aikin da na ɗaukar wa kaina bana shi ne in mayar da littattafan gidanmu na aro ga duk mai so a unguwa. Akwai na marigayi Baba da ya tara tun yana koyarwa, akwai nawa na zamanin 'yanmatanci, ga kuma na ƙanena, waɗanda kusan duk na yaƙi ne da aljanu. Mun zuba su a tsohuwar adaka mun ajiye a zaure, da littafin rajista da biro ɗaure da zare. Sharaɗi biyu ne kawai: a dawo da littafi cikin mako biyu, kuma wanda ya ara kada ya ara wa wani.

Abin da ya tunzura ni tambayar da ɗalibaina ke yi mini a makaranta ce: "Malama, na gama wancan, sai wanne?" In ba a ba yarinya amsa nan take ba, ta koma kan waya ke nan, sai kuma wani jiƙon. Don haka a cikin bangon baya na kowane littafi zan manna 'yar takarda mai ɗauke da sunayen littattafai biyu ko uku da suka dace a bi bayansa da su, kowanne da dalilinsa a layi ɗaya. Ita na sa wa suna takardar "sai wanne?"

Lahadi, 19 ga Janairu

Na fara da tsofaffi, domin su ne suka fi yawa a kason Baba, kuma mu nan Zariya a ƙofar gidanmu aka haife su. A 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga gasar aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuma John Tafida ne suka rubuta tare da East ɗin kansa. A aji tare ake jero su biyar ɗin, har yara su ɗauka jirgi ɗaya ya kwaso su. Da na sake karanta su a wannan makon da niyyar rubuta takarda, sai na ga in ban da shekarar haihuwa kusan ba abin da ya haɗa su.

Ruwan Bagaja littafin dariya ne. Neman ruwan da Alhaji Imam ya fita yi dalili ne kawai na tafiya, abin da ke riƙe mai karatu shi ne ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya kunyata wancan a wani gari, gobe wancan ya rama a gari na gaba. Wanda ya ji daɗin haka, in ka miƙa masa Shaihu Umar don kawai tare suka fito, ka zalunce shi, ka zalunci littafin. Shaihu Umar labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa. Ana sace yaro, a bi da shi hamada zuwa ƙasar Larabawa, uwar ta bi sawu tana nema har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. A natse aka rubuta shi, da muryar malami mai ba almajiransa tarihinsa a Rauta. Ba a yin dariya a cikinsa.

Saboda haka a bayan Ruwan Bagaja na rubuta Magana Jari Ce, juzu'i na ɗaya, da Idon Matambayi don dabarun ɓarayinsa. A bayan Shaihu Umar na rubuta Jiki Magayi, tunda duka biyun suna barin mutum da nauyi a ƙirji, ko da yake nauyin Jiki Magayi na fansa ne: an ƙwace wa Abubakar Zainab da ƙarfin dukiya, shi kuma ya rantse sai ya rama, ramuwar ta faɗa kan yaron da bai ci ba bai sha ba.

Ganɗoki na ajiye shi gefe tukuna. Rabinsa na farko yaƙi ne da Nasara a zamanin Sarkin Sudan Nagwamatse na Kwantagora, rabi na biyu kuma ya tsallaka duniyar aljanu. Ban yanke shawarar wane rabin zan bi wajen zaɓa masa magaji ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Aro ya kankama. Yawancin masu zuwa 'yan sakandare ne, sai matan aure da ke aiko yara da saƙo. Goggo ba ta karatun boko, don haka jikarta ke karanta mata Magana Jari Ce bayan isha'i. Jiya ta aiko a kira ni.

"Ke 'yar nan, wannan akun naku ba ya gajiya da surutu?"

"Goggo, ai in ya yi shiru Musa zai fita, in ya fita kuwa Waziri ya samu yadda yake so."

"To, a bar shi ya yi ta yi. Amma a sake karanta mini na Kalala da matarsa."

Littafin nan da ya fito juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, yawancin labaransa Imam ya ɗebo su ne daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, ya yi musu wanka ya sa musu riga da hula. Goggo ta rantse ta san wata Kalalatu a garinsu. Wannan ya sa na ƙara wani layi a takardar: "Mai daɗin karantawa a bayyane." Ba kowane littafi ke da wannan ba. Akwai wanda ido ke so, kunne ba ya so.

Jumma'a, 14 ga Fabrairu

An samu 'yar tangarɗa. Wani dattijo maƙwabcinmu, abokin Baba ne tun suna samari, ya leƙo zaure ya ga 'yarsa ta ɗauki In Da So Da Ƙauna. Bai yi faɗa ba, ya dai zauna a kan tabarma ya ce, "'Yata, na zaci littattafan mahaifinki za ki ba yara, ashe har da na soyayya."

Na ce, "Baba, da shi da na mahaifina duk a adaka ɗaya suke. Ka ba ni izini in ba ka guda ɗaya ka duba da kanka, in ka ga abin ƙi sai in cire su gaba ɗaya."

Na ba shi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Da gangan na zaɓa. Sunan "littattafan soyayya" da aka laƙaba wa duk abin da ya fito daga Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980 ya rufe abubuwa da yawa. Wannan dai labarin Rabi ne, matar ɗan kasuwa Alhaji Abdu, wanda ya auro wata ya kore ta da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana riƙe da su har ta aurar da 'yarta, shi kuma duniya ta juya masa baya. Soyayyar da ke ciki ba ta kai cikin cokali ba, sauran duk zaman aure ne da haƙƙin iyali. Shi ne kuma aka fassara zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012.

Ƙorafin dattijon ba sabo ba ne. An yi ta wannan muhawara a jaridu shekara da shekaru, har ta kai a 2007 an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano. Ni dai ra'ayina bai sauya ba: a cikinsu akwai shirme tuli, wanda aka rubuta a gurguje don a kai kasuwa, akwai kuma waɗanda suka faɗi abin da ke faruwa a cikin gidaje lokacin da babu mai faɗa. Aikin mai ba da aro ya tace.

Takardun wannan ɓangare sun fi ba ni wuya, domin nan ne masu karatu suka fi yawa, kuma nan ne suka fi sanin abin da suke so. Ga yadda na tsara zuwa yanzu. Wadda ta gama In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, in abin da ya kama ta shi ne Sumayya 'yar masu kuɗi da ta nace wa talaka Muhammad, to ta koma baya ta ɗauki So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Ya fito a 1980 daga gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da wata mace ta wallafa da Hausa, kuma Boɗaɗo, Bafulatanar da ke cikinsa, ta riga Sumayya taurin kai a kan wanda take so. In kuwa auren dolen ne ya tsaya mata a rai, to Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba, inda aka cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu ta nemi ilimi da kanta. Littafi ɗaya, hanya biyu, ya danganta da inda ya taɓa mutum. Shi ya sa yanzu duk wadda ta dawo da littafi ba na tambayarta ko ya yi daɗi, kowa "ya yi daɗi" zai ce. Tambayata ita ce, "Wane wuri kika koma kika sake karantawa?"

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Dattijo ya dawo da littafi da kansa. Bai ce komai a kan soyayya ba. Ya ce Alhaji Abdu ya samu daidai da shi, sannan ya tambaya ko akwai wani na matar nan. 'Yarsa ta ci gaba da zuwa.

Samari su ne matsalata yanzu. Suna zuwa ne don littattafan yaƙi na ƙanena, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu sadaukai da takubba da matsafa. In sun cinye su sai su tsaya cirko-cirko, ba sa ko kallon sauran adakar. A nan na samu amsar Ganɗoki: rabi na biyu zan bi. Na manna sunansa a bayan duk littattafan yaƙin, tare da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Iliya ya fi saurin kama su. Yaro ne da aka haifa ba ya iya tafiya, ya warke ya zama barden da ba a karawa da shi. Asalin labarin na wani gwarzon tatsuniyoyin Rasha ne, shi ya sa za ka ji Sarki Waldima da birnin Kib a ciki. Wani ɗan aji biyar da na gaya masa haka ya ce, "Malama, wai Kib ɗin nan ita ce wadda ake yaƙi a kanta a labarai?" Na ce ita ce, babban birnin Yukiren. Ya koma da littafin gida karo na biyu.

Daga Iliya sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya. Ga manyansu kuma, waɗanda suka gama sakandare, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Wannan ba na ba ƙananan yara. Mailoma mugu ne na gaske, jini ya yi yawa a littafin, amma ban san wani littafin Hausa na zamaninsa da ke hana mutum barci kamarsa ba. Ya fito a 1982 tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai magana a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, duka daga gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Na haɗa su a takarda ɗaya, na ƙara da Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell, ga wanda siyasar ce ta fi jan hankalinsa.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi. Aro ya ja baya sosai, kowa yana wajen tafsiri da aikin buɗa-baki, haka ya kamata. Na yi amfani da sararin na gyara waɗanda suka yage. Wani mai ɗinkin littattafai a bakin kasuwa ya ɗinke mini bayan Magana Jari Ce na biyu da na uku da zare, ya sa musu bango mai kauri. Sauran na lulluɓe su da takardar siminti.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Bayan Sallah na je Kano gaishe da Yaya, na biya wajen masu sayar da littattafai. Tsofaffin na Zariya ba su da wuyar samu, tunda ana sa su a jarrabawa, ana ta sake buga su. Wahalar tana wajen na shekarun 1990. Marubutan wancan lokaci da kuɗin aljihunsu suke bugawa, a takarda mai araha, kuma kashi-kashi: na ɗaya ya fito, in ya samu kasuwa a buga na biyu da kuɗinsa, sannan na uku. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama, ta su Ado Gidan Dabino da Balaraba da Ɗan'azumi Baba, da haka suka cika kasuwa. Dabarar ta yi aiki a lokacinta, amma yau ita ke ba mai tarawa ciwon kai. Sai ka samu na ɗaya da na uku, na biyu ya bi wata amarya gidan miji shekara ashirin da suka wuce.

Abin da ya same ni ke nan da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki. Nawa bai cika ba, a kasuwa ma ban samu cikon ba. Wani mai shago ya ce, "Hajiya, ki bar lambarki, in wani ya kawo tsofaffi zan neme ki." Na bari. Kafin nan na cire shi daga adaka, na kuma soke sunansa daga takardu biyu da na riga na rubuta. Ba da labarin da ba shi da ƙarshe ya fi rashin ba da shi muni, yarinya za ta yi fushi da littafin, ta yi fushi da adakar.

Abin da na samo: 'Yartsana na Ibrahim Sheme, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, abokin fitowar So Aljannar Duniya, da sabon Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo don na Baba ya rasa shafukan farko. 'Yartsana na manya ne. Labarin yadda mace ke faɗawa karuwanci ne, an rubuta shi ba tare da zagi ko kwalliya ba. Na sa shi a bayan Alhaki Kuykuyo Ne, da alamar jan biro, ma'ana sai matan aure da waɗanda suka mallaki hankalinsu.

Yaya ta yi mini dariya, wai na zo Kano ban sayi ko turmin atamfa ba sai tsofaffin takardu. Ita ce kuma ta ɗauke 'Yartsana ta kwana da shi, sai da na yi da gaske ta sake shi.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Wasu 'yanmata uku sun zo tare, ba aro ya kawo su ba, gardama ce. Su a waya suke karatu, a WhatsApp da Wattpad, wani lokaci su biya kuɗi a sa su a rukunin marubuciya tana sakin labari shafi-shafi, ko su saurara ana karantawa a YouTube suna aikin gida. Babbarsu ta ce, "Anti, littattafanki duk na da ne. Wa zai zauna yana karanta labarin aku?"

Ban musa mata ba, domin ta fi ni sanin abin da ake rubutawa yau. Na ce ta ba ni labarin wanda ta fi so a cikin na waya. Ta kwashe kusan rabin sa'a tana bayarwa: yarinya marainiya, kishiyar uwa, auren da aka ƙulla ba da saninta ba, miji mai kuɗi mai girman kai da ya dawo yana lallashi. Da ta gama na miƙa mata Wa Zai Auri Jahila? Sauran biyun, ɗaya ta ɗauki Jiki Magayi, ɗaya ta ce ita sai ta ga abin da 'yan'uwanta suka ce.

Mun yi yarjejeniya. Su za su rubuto mini sunayen labaran waya da suke ganin sun isa a karanta, da dalili a layi ɗaya kamar yadda nake yi, ni kuma in karanta kafin in sa a takarda. Wanda ya cika batsa ba zai shiga ba, na faɗa musu tun yanzu. Na kuma nuna musu gajerun labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla. Wanda ya fara lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Gajeren labari na da amfani ga wanda waya ta saba masa da karatu guntu-guntu, yana gamawa a zama ɗaya.

Wani abu da na lura da shi a rubutun waya, ko da labarin ya yi kyau, shi ne ƙa'idar rubutu ta tafi hutu. Ba ƙugiya a ɗ da ƙ da ɓ, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, rabin jimla Turanci. A matsayina na malamar Hausa abin yana ci mini rai. Amma ban ce musu komai ba ranar, in na fara da gyaran rubutu ba za su dawo ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Wadda ta ɗauki Wa Zai Auri Jahila? ta dawo da shi, ta ce Abu ta fi jarumar labarinta zuciya, amma Hausar ta yi mata nauyi a farko. Ta wuce kan Alhaki Kuykuyo Ne da kanta, takardar baya ta bi, ba ta tambaye ni ba. Mai Jiki Magayi ba ta gama ba, ta ce tsafin ya yi yawa, ta musanya da Mallakin Zuciyata. Na rubuta wannan a rajista, domin wanda aka ajiye ba a gama ba shi ma yana nuna inda takarda ke buƙatar gyara. Jiki Magayi zai ci gaba da zama a bayan Shaihu Umar, amma ba zan riƙa miƙa shi ga masu neman labarin aure ba duk da auren dole ne ya buɗe shi.

Inda aiki ya tsaya: tsofaffin Zariya duk sun samu takarda, na yaƙi sun samu, na Kano saura kaɗan. Kitsen Rogo da Tura Ta Kai Bango har yanzu bayansu fari ne, sai na sake karanta su. Jerin 'yanmatan ya iso a takardar da aka yago daga littafin makaranta, sunaye bakwai, na fara na farko a wayar ƙanena. Mai shagon Kano bai kira ba tukuna.

Goggo ta gama juzu'i na uku. Takardar bayansa ta ce Ruwan Bagaja, jikarta ta zo ta ɗauka da yamma. Mako mai zuwa zan nemi kafinta ya yi mana kanta mai hawa uku, adakar ta fara yi wa littattafan kaɗan, kuma damina na tafe, zauren yana yoyo ta kusurwar gabas.